Dashen 14 ga Yuli: mu shiga, amma wa zai riƙa ban ruwa?

Baban Khalifa, Agege:
Assalamu alaikum jama'a. 14 ga Yuli ta matso, ranar da jihar Legas ta ware don dashen bishiya. Tun 2008, zamanin Gwamna Fashola, ake yin ta duk shekara, kuma akan fito a ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37 na jihar. Mu kuwa kullum sai dai mu gani a talabijin. Ina ganin bana ya kamata mu shiga da ƙafarmu. Layinmu tun daga bakin titi har ƙofar masallaci babu inuwar da mutum ɗaya zai tsaya. Kowa ya ga zafin da muka sha a Fabrairu da Maris, dare ya raba mutane na kwance a waje kan benci. Wanda ya san hanyar da ake bi a sami irin dashe, daga gwamnati ko wata ƙungiya, don Allah ya yi mana bayani.

Abubakar, ɗalibi a Akoka:
Wa alaikumus salam Baba. Ta ɓangaren gwamnati, hukumar da abin yake hannunta ita ce LASPARK, mai kula da lambunan shaƙatawa da bishiyoyin jihar. Dokar 2011 ce ta kafa ta. Su ke riƙe da wurare irin lambun Ndubuisi Kanu da na Johnson Jakande Tinubu a Alausa, da Muri Okunola a Victoria Island, kuma su ke shirya ranar dashen. Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta takarda da sunan unguwa, a bi ta CDA ɗin layinku, wato ƙungiyar ci gaban unguwa, a kai ƙaramar hukuma sashen kula da muhalli, a kai kwafi ofishin hukumar. Ta ɓangaren masu zaman kansu kuma akwai NCF, gidauniyar kare muhalli da marigayi Cif S. L. Edu ya assasa a 1980. Su ne masu gandun dajin nan na Lekki mai hekta 78 da aka buɗe a 1990, inda ake hawa gadar igiya ta saman bishiyoyi. Suna da shiri mai suna Green Recovery Nigeria, burinsu dazuka su koma kashi 25 cikin ɗari na faɗin ƙasar nan kafin 2047, kuma suna aiki da makarantu da al'ummomi. Akwai kuma gandun Lufasi a kan hanyar Lekki zuwa Epe, na Desmond Majekodunmi, shi ma yana karɓar 'yan makaranta.

Alhaji Mai Tumatir, Mile 12:
Baban Khalifa, niyyarka mai kyau ce, Allah ya saka. Amma tambaya ɗaya: a filin wa za mu dasa? Mu nan 'yan haya ne. Gida na wani, shago na wani, ƙofar gidan ma in ka aje benci sai yaron mai gida ya zo ya tambaye ka. Tun 2016 ake maganar za a ɗauke kasuwarmu a kai Imota, can wajen Ikorodu. Mutumin da bai san ko baɗi yana nan ba, shi za a ce ya dasa abin da sai bayan shekara biyar zai yi inuwa? Ni in zan dasa, gara in aika kuɗi gida a dasa mini mangwaro a gonata, inda jikokina za su sha.

Maman Iman, Idi-Araba:
Alhaji, ka yi haƙuri, jikokin naka a ina suke kwana yanzu? Ni nan aka haife ni, nan aka haifi mahaifiyata. Muna ta cewa za mu koma gida, za mu koma gida, yara kuwa nan suke girma cikin zafi da hayaƙin janareto. A makarantar da nake koyarwa, aji biyu da ke gefen yamma ba sa zaunuwa bayan azahar, kwano ya ɗau zafi, yara na ta gyangyaɗi da ƙuraje a wuya. Aji ɗaya da reshen mangwaron maƙwabta ya rufe masa kwano, shi kowa ke so. Bishiya ɗaya ce fa ta raba su.

Alhaji Mai Tumatir, Mile 12:
Hajiya, ban musa miki ba. Amma makaranta tana da katanga da mai gadi. Bakin titi fa?

Musa Mai Gadi, Ikoyi:
Salam. Ni ba mai yawan rubutu ba ne a nan, amma wannan maganar aikina ce. Duk bishiyoyin da kuke gani sun yi shar a Ikoyi da Lekki, ku tambaya wa ke ba su ruwa. Yawanci mu ne, masu gadi da masu aikin lambu 'yan Arewa. Masu sayar da fulawa da irin dashe a bakin titi ma da yawa 'yan uwanmu ne. To sani muna da shi, a unguwanninmu ne kawai ba ma yi.

Abin da na gani da idona shi ne dashen taro ba ya rayuwa. A zo da rumfa da kujeru, a raba hula da riga, babban baƙo ya durƙusa ya sa dashe a rami, a zuba ruwan gora ɗaya, a ɗau hoto, a watse. Wani lokaci ko ledar da ke jikin saiwar ba a yaga ba. Bayan sati uku ka wuce ka ga tsinke a tsaye. A gidan da nake, in muka dasa, rami muke haƙawa ya kai gwiwa, a cire ɓaraguzan bulo da leda da ke ciki, don ƙasar Legas a wurare da yawa ciko ce, a haɗa baƙar ƙasa da takin da ya riga ya huce. A yi wa gindin ɗan kwarmi yadda ruwa zai tsaya, a rufe da busasshiyar ciyawa, a kafa sanda a ɗaure da tsumma ba da waya ba, don waya tana yanke ɓawo. Ruwa kuma da asuba ko da yamma, ba da tsakar rana ba.

Injiniya Kabiru, Ikeja:
Malam Musa ya taɓo inda matsalar take. Ku duba kwanan watan ma. Daminar Legas kashi biyu ce. Ruwa mai ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, sai ya ɗan ɗauke a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba, daga nan kuma sai rani har wajen Maris. Wanda ya dasa a tsakiyar Yuli, kafin saiwa ta kama ƙasa ruwa ya ja baya. In ba wanda ya ɗauki bokiti a Agusta, an yi asarar rabi. Waɗanda suka tsira kuma ranin farko yana jiransu. Shi ya sa duk lokacin da na ji an ce an dasa kaza, abin da nake so in ji shi ne nawa ne ke tsaye bayan shekara biyu. A 2019 Shugaba Buhari ya yi alkawarin bishiya miliyan 25 a taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Gombe ta fara nata shirin a shekarar, miliyan ɗaya duk shekara. Ganuwar bishiyoyi ta Great Green Wall da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007 ta ratsa jihohinmu 11 na Arewa. Duk shirye-shirye ne masu kyau, ba na kushe ko ɗaya. Amma ma'aunin da ya kamata a riƙa auna su da shi, kuma mu auna namu da shi, shi ne abin da ya rayu.

Abubakar, ɗalibi a Akoka:
Yaya Injiniya, abin da Wangari Maathai ta gane ke nan a Kenya. Ƙungiyar da ta kafa a 1977 mata take ba ɗan ihisani, amma a kan dashen da ya rayu ake biya. A 2004 aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Ɗan Maradi, Alaba Rago:
Ku ba ni wuri in sa baki. A wajenmu a Maradi an sha dasa icce ana kawowa da mota, iska da rana da bisashe suna cinyewa. Abin da ya gyara ƙasarmu sassaben zamani ne. Wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, shi ya fara jan hankalin manoma a farkon shekarun 1980, cewa kututturan da ke gona ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai. In tsiro ya fito kar a sare duka, a zaɓi masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Da haka gawo da kalgo suka dawo gonaki, ana maganar hekta miliyan 5. Amma abin da ya sa ya kama, sai da manomi ya tabbata iccen nashi ne, ba na gandun gwamnati ba. Da can in ka taɓa icce a gonarka ma'aikacin daji ya ci ka tara, to wa zai rena abin da zai jawo mishi tara? Nan ma haka ne. In ba a ce wannan ta wane ce ba, ba mai kula ta.

Sannan ni mai tumaki ne, gaskiya zan faɗa. Dashen da ba shi da kariya a unguwar Hausawa bai kwana uku. Akuya ɗaya ta isa. Kusa da babbar Sallah kuwa, da raguna suka cika ko'ina, ba a magana.

Baban Khalifa, Agege:
Wannan haka yake. Mu da muke kusa da mayankar Oko-Oba mun fi kowa sani.

Alhaji Mai Tumatir, Mile 12:
To kun ga maganar Ɗan Maradi ta dawo kan tawa. A Legas dokar ta ce ba ka sare bishiya ko ka datse ta sai da izinin hukuma, in ka sare kuma ka dasa biyar a madadinta, ga kuma tarar kuɗi. Mai gidan da nake haya na taɓa roƙonsa in dasa a ƙofar gida, ya ce a'a. Ya ce yau in dasa, gobe ya tashi ƙara shago a wurin ya shiga neman takarda. Ya ƙara da cewa ɓarayi na hawa bishiya su dira cikin gida. Ya sa aka malale wurin da siminti har bakin kwata.

Injiniya Kabiru, Ikeja:
Ranka ya daɗe, wannan simintin shi ne rabin ambaliyar da muke kuka da ita. Kowane gida an shafe tsakar gida da kankare ko an jera bulon ƙasa, ruwan sama ba shi da inda zai nutse, duk sai ya kwarara kwata lokaci guda, kwatar kuma cike da leda da robar ruwa. Ga zafi kuma: kankare da kwalta suna shan rana yini guda su amayar da ita da dare, shi ya sa ɗaki ba ya hucewa har asuba. Can gefen Lekki da Ajah kuma fadamu da kurmin bakin ruwa da ke shanye ruwan an cike su da yashi an yi gidaje.

Dokar kuma ni ina ganin gata ce a gare mu. In muka dasa da sanin hukuma da CDA, ba wanda zai wayi gari ya sa adda. Abin da za mu kiyaye shi ne zaɓen iri da wuri, don masu gidajen ma suna da hujja. Ceɗiya da durumi inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu tana fasa kwata da harsashin gini, wurinsu fili mai faɗi. Malaina ma haka. Kar a dasa mai tsawo a ƙarƙashin wayar lantarki, masu wuta za su zo su gundule ta gefe ɗaya ta karkace. A bar tazara daga katanga, ko don maganar ɓarayin. A lungu mai matsi, doguwar siririyar nan da ake kira maskwared ta fi dacewa, ba ta cin wuri, sai dai inuwarta kaɗan ce.

Maman Iman, Idi-Araba:
Ni dai ina bayan masu 'ya'ya. Mangwaro, gwaiba, lemun tsami, zogale. Abin da za a ci shi ake tsaro. Ku ba mace zogale biyu a bayan ɗaki ku gani ko zai mutu.

Hajiya Asabe, Obalende:
Ƙanwata, zogale da lemun tsami na yarda. Mangwaro a bakin titi kuwa rigima ce. Yara za su yi ta jifa, dutse ya faɗa kan gilashin motar wani, a zo ana neman wanda ya dasa. Ita kuma furut, mai faɗin ganyen nan da ake fasa ƙwallonta, inuwa kam akwai, amma in ta fara zubar da ganye mu mata ne da shara safe da yamma, in ba a kwashe ba ya toshe kwata. Maza ku riƙa tunawa da mai tsintsiya in kuna zaɓe. A bakin titi a sa dogonyaro. Mun san shi, yana jure wahala, dabbobi ba su cika damunsa ba in ya ɗan tasa. Masu 'ya'ya a kai su cikin makaranta da harabar masallaci.

Sani Mai Suya, Agege:
Akwai abin da ba wanda ya faɗa. Wasu tsofaffi a layinmu ba sa son bishiya kusa da gida, sun ce matattarar iskoki ce. Kuma a nan in bishiya ta girma a mararraba, sai ka wayi gari ka ga an aje ƙwarya da manja da ƙwai a gindinta. Mutane na gudun wannan.

Malam Liman, Agege:
Malam Sani, gara da ka fito da ita fili. Bishiya halittar Allah ce mai tasbihi, ba ta jawo wa kowa sharri. Wanda ya riƙe azkar ɗinsa na safe da yamma ba ruwansa da wannan tsoro. Abin da wani ya aje a gindinta kuma tsakaninsa da abin da ya yi imani da shi ne, mu zauna lafiya da maƙwabtanmu, mu share wurinmu. Hadisi ya inganta cewa babu Musulmin da zai dasa dashe ko ya shuka shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare ta, face an rubuta masa sadaka. Ba a ce sai a filinsa na gado ba, Alhaji. Wanda ya sha inuwar, Bayarabe ne ko Ibo ko ɗan uwanka, ladan na zuwa. Harabar masallacinmu akwai wuri ta gabas da ta kudu. Ruwan alwala kuma kullum sau biyar yana bin kwata a banza. In Injiniya zai duba mana yadda za a karkata shi zuwa gindin dashe, an rage wahalar ɗibar ruwa.

Injiniya Kabiru, Ikeja:
Allah gafarta Malam, wannan mai sauƙi ne. Ɗan bututu da rami mai tsakuwa, yadda ruwan zai nutse ba zai kwanta ya tara sauro ba. A dai raba shi da ruwan banɗaki da na wanki mai omo. Zan zo in auna.

Alhaji Mai Tumatir, Mile 12:
Allah gafarta Malam, na karɓi wannan. Na masallaci da makaranta ina ciki. Na bakin titi har yanzu ina da shakka, sai na ga takardar amincewar masu gidaje. Kuma kar a ce za a dasa ɗari biyu don a burge. A yi abin da za a iya riƙewa.

Abubakar, ɗalibi a Akoka:
Baba Alhaji, ni ma ina ganin in za mu rubuta wa LASPARK ko NCF, kar mu tsaya kan roƙon iri kawai. Iri ba shi ne mai tsada ba, ana samunsa a bakin titi. Mu nemi su turo wanda zai duba wuraren, su sa dashen cikin lissafinsu, in da hali su taimaka da kejin kariya. Mu kuma mu nuna musu jerin sunaye: bishiya ta ɗaya, mai shayin da ke kusa ya ɗauka, ta biyu, mai wankin hula, ta uku, 'yan ajin Islamiyya. Ƙungiyar da ta ga an zo mata da wannan ta san ba hoto aka zo nema ba.

Sani Mai Suya, Agege:
A rubuta ni a biyu, waɗanda za su faɗo kusa da tukubata. Amma ku ja su nesa da wutar kaɗan, hayaƙi da zafi na ƙona ganye. Mu masu suya da masu gawayi mun fi kowa cin itace, ya kamata a ga hannunmu a ciki.

Garba Mai Ruwa, Agege:
Ni da yarana muna tura kura a layin kullum. A Agusta da kuma rani za mu riƙa sauke jarka ɗaya a gindin duk dashen da mai shi ya yi tafiya. Amma ruwan saye muke a famfo, ba kyauta ake ba mu ba. A sa kuɗin jarkar cikin asusu, turawar mu mun yafe.

Hajiya Asabe, Obalende:
Allah ya yi maka albarka Garba. Wannan ita ce maganar tafiya gida da nake so in tayar. Da damina rabin masu ƙananan sana'a sun tafi noma, da Sallah gari ya watse. Kowace bishiya a sa mata mutum biyu, ɗaya ya zama mazaunin da ba ya motsawa, ko mace a gidan da ke kusa.

Musa Mai Gadi, Ikoyi:
Kariya kuma ba sai an sayi keji mai tsada ba. Tsohuwar taya akuya na tsallakewa. Katakon kwalin kaya guda huɗu da ragar waya ta kaji ya wadatar, tsawonsa ya kai ƙirji. Na ƙarfe in ba a kafa shi da siminti ba ana iya tumɓuke shi da dare a sayar. Kuma ku sayi dashen da ya kai ƙugu, kar ku karɓi ɗan tsiro mai ganye huɗu don an ce kyauta ne. Ranar Lahadi ina hutu, zan zo in nuna yadda ake haƙa ramin.

Maman Iman, Idi-Araba:
Mu na Idi-Araba fa? Kar a yi a Agege kaɗai. Zan yi wa mai makarantarmu magana gobe in sha Allah, gefen yamman nan nake so a fara da shi.

Baban Khalifa, Agege:
Hajiya, takarda ɗaya Abubakar zai tsara, kowace unguwa ta canja suna ta kai wa CDA ɗinta, ku taku ƙaramar hukumar daban ce da tamu. Mu nan ga yadda za a yi. Bayan sallar Juma'a za mu zaga layin da Malam Liman da Injiniya, mu ƙirga wuraren da za su yiwu, mu shiga gida gida wajen masu gidajen. Wanda ya amince ya sa hannu, wanda ya ƙi a tsallake ƙofarsa ba gardama. Daga nan mu sanar da fadar Sarkin Hausawa da shugaban CDA kafin takarda ta tafi. Ba za mu nemi ko ɗaya fiye da yawan sunayen da muka samu ba. In amsa ba ta zo ba kafin 14 ga wata, mu sayi namu mu fara da harabar masallaci, na titi ya jira izini. Alhaji, ragar waya da katako nawa za ka iya ɗauka?

Alhaji Mai Tumatir, Mile 12:
Na masallaci duka a kaina. Malam Musa ya turo mini awon katakon da yawan ragar, in sa yaro ya sayo kafin Lahadi.